Sharhi kan Ziyarar Asubahi zuwa Duwatsun Rajajil

Hausawa mazauna Madina da Jidda da ke neman wurin kai iyali a hutun hunturu ba su cika tunawa da yankin Jauf da ke arewacin Saudiyya ba, alhali akwai ƙananan kamfanonin yawon buɗe ido a Sakaka, babban birnin yankin, da ke kai baƙi su ga duwatsun Rajajil, waɗanda mutanen dā suka kafa a kudu da garin. Ɗaya daga cikinsu muka bi, ni da wasu 'yan'uwa malaman makaranta, kuma ra'ayina shi ne kuɗinmu bai tafi a banza ba, saboda jagoran da aka haɗa mu da shi ya san iyakar abin da bincike ya tabbatar, bai kuma ƙetare ta don ya burge mu ba.

An ɗauke mu bayan sallar asuba, muka isa kafin gari ya waye. Wurin fili ne mai rairayi, da rukunan dogayen duwatsu kimanin 50, wasu a tsaye suna kai mita 3, wasu sun karkace ko sun faɗi, kuma an ƙiyasta shekarunsu da kusan 6,000. Jagoran ya tsayar da mu a bayan wani rukuni, ya ce, "Malamai, ku dubi inda rana za ta ɓullo, sannan ku gwada da kamfas." Ta fito can kudu da ainihin gabas. Ya bayyana cewa a wannan yankin mafitar rana tana kaiwa kimanin digiri 27 kudu da gabas a wajen 21 ga Disamba, ta kuma kai irin wannan nisa ta arewa a wajen 21 ga Yuni. Nan take wani dattijo a cikinmu ya karanto ayar Suratur Rahman mai ambaton Ubangijin mafita biyu da mafaɗa biyu, wadda malaman tafsiri suka fassara da mafitar hunturu da ta bazara. Wanda ya taso yana jin tsofaffi suna lissafin damina da taurari ba zai yi mamaki ba idan makiyayan wancan zamani sun lura da wannan kai-komo na rana.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne yadda ya bambanta Rajajil da kaburburan da aka auna aka tabbatar. Ya kawo misalin Newgrange a ƙasar Ayalan, kabarin da aka gina wajen shekara 3200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), inda hasken hantsin ranar mafi gajarta a shekara ke shiga ta wata taga da ke saman ƙofa, ya ratsa lungu mai tsawon mita 19 har cikin ɗakin kabarin na kimanin minti 17. A can, in ji shi, ginin da kansa shaida ne. A Rajajil kuwa, ana cewa duwatsun sun fuskanci fitowar rana da faɗuwarta, wasu masana na ganin makabarta ce, amma da yake da yawa sun goce daga yadda aka kafa su, bai yarda ya ce mana kalanda ce ba.

Inda na ga gazawa shi ne tallar kamfanin, wadda ta yi alkawarin bayani kan wata. Jagoran ya taɓo batun a gurguje, ya ce mafitar wata tana faɗaɗa ta kuma tsuke a zagaye na shekara 18.6, kuma faɗaɗar baya-bayan nan ta zo a 2024 da 2025. Wannan gaskiya ne, sai dai ba a nuna mana dutse ko ɗaya da ke da alaƙa da shi ba, don haka bai kamata a sa shi a talla ba.

Sanyin asubahin Jauf yana da tsanani, ba a kuma gargaɗe mu ba, sannan shayin da aka tanada bai wadatar ba. Bayanin duka da Larabci ne, saboda haka wanda zai je da iyaye ko baƙi daga gida ya tanadi mai fassara, ya kuma nemi a haɗa masa da ziyarar tsohon garin Dumatul Jandal da ke yankin a wannan rana, tunda ziyarar duwatsun tana ƙarewa tun da hantsi.