Injin yankan ciyawa mai 52cc: ƙarfi akwai, amma kan giyarsa a bushe ya zo

Wanda na saya irin mai doguwar sandan nan ne da ake ratayawa a kafaɗa, 52cc, mai shan fetur haɗe da man 2T, irin wanda ya cika shagunan kayan noma a Kaduna yanzu. A kwalinsa akwai kan zare (zaren roba ne da ke juyawa yana yankan ciyawa), wuƙa mai baki uku, ɗamara, kwalbar haɗa mai da 'yan sifanu. Wajen ƙarfi kam ba ni da ta cewa. Kiri-kiri da harƙiya zare kawai ya ishe su. Ƙyasuwar da ta kai ƙugu a watan Agusta, da tofa da gamba, su kuma wuƙa ake ɗaura musu, yana bi suna zubewa. Tankinsa ya ɗan haura lita ɗaya, yana kai ka wajen awa guda idan ciyawar ba ta yi duhu sosai ba.

Abin da ya ɓata min rai ya faru ne bai fi awa shida da fara aiki da shi ba. Da farko kan giyar, wato gwiwar ƙarfen nan da ke ƙarshen sanda inda ake ɗaura zare ko wuƙa, ya riƙa ɗaukar zafin da hannu ba ya iya taɓawa. Daga nan ƙararsa ta sauya, kamar ana niƙa tsakuwa. Can sai injin ya ci gaba da kuka da ƙarfinsa, wuƙa kuwa ta tsaya cik. Da aka kwance, haƙoran giya biyun da ke ciki sun cinye juna, sai garin ƙarfe baƙi ƙirin. Giris ɗin da aka sa daga kamfani bai wuce abin da za a shafa a ɗan yatsa ba.

Ga yadda abin yake. Cikin sandan akwai siririn shaf na ƙarfe da ke ɗauko juyi daga kulocin injin ya kai ƙasa. A ƙasan, wata 'yar giya ce ke tura 'yar'uwarta a karkace, kuma juyin nan dubbai ne a minti ɗaya. Mutane da yawa suna zaton man 2T da aka zuba a fetur shi ke shayar da injin gaba ɗaya. Ina! Iyakarsa fistin da abin da ke kewaye da shi, ko ɗigo ba ya sauka can ƙasa. Kan giya giris kaɗai ke riƙe shi, kuma ta wani ƙaramin ƙusa da ke gefensa ake ɗura shi. Mai shagon ya tayar min da injin a gabana, ya murza masa wuta na ji kukansa, amma ƙusan nan bai ko kalla ba. Aikin minti biyu ne fa. Wannan ne ya fi ƙona min rai, don ba kaya ne na ƙaramin kuɗi ba.

Neman sabon kai ma wata wahalar ce. Ba a shiga kasuwa a ce "a ba ni kan injin ciyawa" kawai. Kaurin sandan iri biyu ne aka fi samu, milimita 26 da 28, bakin shaf ɗin kuma wani haƙori 7 gare shi, wani 9, wani ma kusurwa huɗu ne. Nawa 28 ne mai haƙori 9. Na farkon da aka kawo ya zauna daram a sanda amma shaf ya ƙi shiga, don na haƙori 7 ne. Cire tsohon ka tafi da shi kasuwar Panteka ta Kaduna a gwada a gabanka, ka kuma duba bakin shaf ɗin, don idan shi ma ya ci, sabon kan ba zai daɗe ba. Notin da ke riƙe wuƙa kuwa ta hagu ake ɗaure shi, ta dama yake kwancewa, kuma sai an zura ɗan ƙarfe a ramin gefe an tokare kan kafin a murza. An sha lalata shi da ƙarfin tsiya.

Duk wanda ya sayi irin injin nan, kafin ya ja igiya ko sau ɗaya, ya kwance ƙusan gefen ya leƙa. A ɗura giris mai jure zafi kaɗan-kaɗan ana juya kan da hannu, kar a cika shi maƙil, don idan ya yi zafi zai nemi hanyar fita ta sil, wato robar da ke hana shi tsiyaya. A maimaita duk bayan awa 25 na aiki.

Tun da aka sauya kan, gaskiya injin bai sake ba ni matsala ba, har na fara cewa ya biya kuɗinsa. Tashi ba ya gardama: a danna 'yar robar jan mai sau shida ko bakwai har fetur ya bayyana a cikinta, a rufe cok (makullin iska), a ja igiya har ya yi tari, a buɗe cok a sake ja, a bar shi minti biyu ya ɗumama. Haɗin man da aka rubuta wa nawa 25:1 ne, wato mililita 40 na 2T a lita ɗaya ta fetur. Masu 50:1 mililita 20 suke sha, don haka kowa ya bi abin da aka rubuta wa nasa. Zanen ma'aunin kwalbar da ta zo da shi da ƙyar ake gani, sirinji ya fi. Kar a zuba masa baƙin mai yadda wasu ke yi wa ƙaramin janareto, filogi zai yi baƙi, salansa ta toshe. Idan damina ta ɗauke a Oktoba, a juye tankin a bar injin ya yi ta aiki har ya mutu da kansa, in ba haka ba tsohon mai zai daskare a kafireto kafin ruwan Mayu.

Amma da na tuna sauran kayan cikin kwalin sai raina ya sake ɓaci. Ɗamarar igiya ɗaya ce siririya, ba soso, injin da ya haura kilo bakwai kuwa cikin rabin awa ta fara yankan kafaɗa. Zaren da aka naɗo a kan ya bushe, da ya taɓa gindin katanga sai ya tsinke daga bakin rami, a tsaya a buɗe a zaro. Sai da na sayi mai kaurin milimita 2.7, na jiƙa shi a ruwa ya kwana, sannan ya yi laushi ya daina karyewa. Tabarau ma babu a ciki, alhali jar ƙasarmu cike take da tsakuwa, zaren kuma harbo ta yake yi kamar daga gwafa, shi ya sa ake cewa kowa ya ja baya mita 15. Kan giya, giris, ɗamara mai kafaɗa biyu, zare, tabarau, duk daga aljihuna suka fito a cikin watan farko, a kan injin da aka sayar min a matsayin wanda ya zo da kayansa cikakku.