Ajin Sifaniyanci a Tudun Wada: malamin ya iya, ɗakin ne sai haƙuri

Duk wanda yake Kaduna yana son koyon Sifaniyanci baki da baki, akwai wani ɗan aji a saman bene a Tudun Wada da ake yi Asabar da Lahadi bayan la'asar. Yayana da ke kasuwanci a Malabo ne ya matsa mini in shiga kafin in bi shi, tunda a Ikwatoriyal Gini da harshen ake aikin gwamnati da ciniki. Malamin dattijo ne da ya daɗe a Bata, wani birni a ƙasar, kuma da Hausa zalla yake koyarwa. Wannan kaɗai ya sa kuɗina bai tafi a banza ba.

Darasin da ya fi nuna gwanintarsa shi ne na condicional, wato siffar aikatau ta abin da da zai faru. Bai fara da allo ba. Cewa ya yi da wani tela a cikinmu, "Malam, da kana da kuɗi me za ka saya?" Tela ya ce da ya sayi sabon keken ɗinki. Malam ya ce to, wannan "da na saya" ɗin shi ne compraría. Daga nan ya nuna dabarar: ba a yanke komai daga aikatau, a bar shi yadda yake a ƙamus, a liƙa masa ɗafa-ƙeya shida: ía, ías, ía, íamos, íais, ían. Hablar, wato yin magana, ya koma hablaría, hablarías, hablaría, hablaríamos, hablaríais, hablarían. Comer da vivir ma haka, comería, viviría, ba ruwanka da ko aikatau ɗin da ar ya ƙare ko er ko ir. Mu da muka sha wuya a darasin siffar aikatau ta lokacin yanzu, inda kowane rukuni da nasa ƙarshen, sai muka ji kamar an sauke mana buhu daga ka.

Abu biyu ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kai. Alamar da ke kan í, in ka manta ta sai ka sake rubuta layin. Sai h ɗin hablar da ba a furtawa, wanda bakin Bahaushe ke ƙin saki. Ya kuma ja kunnenmu cewa "ni" da "shi" siffa ɗaya suke ɗauka, don haka in za a rikice a sa yo ko él. Har ya koya mana me gustaría, yadda ake neman abu cikin ladabi a shago.

Inda nake da ƙorafi, marasa bin ƙa'ida irin su tener da ke zama tendría, da hacer da ke zama haría, a minti kaɗan ya wuce su ana kiran magariba. Ba takardar da ake rabawa, sai abin da ka kwafa. Ɗakin kuma fanka ɗaya ce, in an ɗauke wuta janaretan mai walda na ƙasa ya isheka, na bencin baya sai ya miƙa wuya.

Kuɗin wata ake biya, ba tsada, kuma yana yarda a biya kashi biyu. Ka zo da littafi mai kauri, ka kama bencin gaba tun da wuri.