Hattara da Masu Yawo da "Riga-kafin Dawaki" a Aljihu

Masu dawaki da yaran barga, a buɗe ido. Da zarar damina ta kankama ko hawan Sallah ya matso, sai wasu su ɓullo da jaka a kafaɗa suna bin barga-barga, wai sun zo da riga-kafin cutar dawaki ta Afirka: allura ɗaya tak, doki ya tsira, har da ƙiba da ƙyallin gashi a matsayin gyara. Damfara ce, kuma kwalbar da ke hannunsu ma ta isa ta tona musu asiri.

Riga-kafin da aka fi sani na wannan cuta shi ne na kamfanin Onderstepoort da ke Afirka ta Kudu. Ƙwayar cutar iri 9 ce, shi ya sa yake zuwa kwalba biyu, ta ɗaya da ta biyu, a yi su da tazarar aƙalla mako 3. Busasshen gari ne a kwalbar, sai an zo yi ake haɗa shi da ruwansa, a ba da mil 2 a ƙarƙashin fata nan take. Ƙwayar da ke ciki mai rai ce da aka raunana, don haka dole ya zauna cikin sanyin digiri 2 zuwa 8. Wanda ya zaro maka ruwa haɗaɗɗe daga aljihun kaftani da tsakar rana, ko da asalinsa na gaske ne, zafi ya riga ya kashe shi. Sannan dokin da aka yi wa ba a wahalar da shi sai bayan mako 3. To ina batun "a yi masa yau, jibi ya yi hawa"?

Abin da sukan ɗura a sirinjin shi ne deksametazon (deksa), wato maganin rage kumburi, da ruwan bitamin. Kwana biyu doki ya ware, ya hau cin harawa, mai shi ya ce an dace. Alhali deksa garkuwar jiki yake dannewa, ya ɓoye zazzaɓi, kuma idan ya yi yawa yana iya jawo ciwon kofato: kofaton gaba ya ɗau zafi, doki ya tsaya yana jan nauyinsa baya, ya ƙi takawa. Ga allura guda da ake yawo da ita daga wannan doki zuwa wancan.

Haka nan duk wanda ya ce yana da maganin warkar da cutar bayan ta kama, maƙaryaci ne, ba ta da magani. Zafin jikin doki lafiyayye digiri 37.5 zuwa 38.5 ne. In ya kai 40, ramin saman ido ya cike da kumburi, numfashi ya yi nauyi, a kira likita, a sauke masa sirdi gaba ɗaya. In kumfa ta fara zubowa ta hanci, da wuya ya tashi. Ƙananan ƙudaje masu cizo daga magariba zuwa asuba ne ke yaɗa ta, saboda haka a shigar da dawaki kafin rana ta faɗi, a sa raga mai ƙananan ido, a kawar da danshi da tarin kashi kusa da turke.

Su dai waɗannan 'yan damfarar ne ke juye maganin kaskar shanu a robar ruwa marar takarda. In amitraz ne, guba ne ga doki. Yakan sa shi layi da kasala, hanji ya tsaya, kashi ya ƙi fita. In an riga an shafa, a wanke shi da ruwan sanyi da sabulu, a nemi likita.

Kafin kowa ya taɓa maka doki, ka karɓi kwalbar ka duba lambar NAFDAC, lambar rukuni da ranar lalacewa, ka ga ta fito daga kula mai ƙanƙara, a ɓare sabuwar allura a gabanka. Ka tambayi rajistarsa da hukumar likitocin dabbobi ta VCN. In ya fara kame-kame, ɗauki hoton kwalbar ka kai asibitin dabbobi na gwamnati mafi kusa, ka kuma sanar da sauran bargogin unguwa.