Jan Yumɓu Ko Fari: Wanne Ya Fi Jure Wuta?

Jan yumɓu ya samo launinsa ne daga sinadarin ƙarfe da ke cikinsa, kusan irin na tsatsa. Danƙo gare shi, yana bin hannun magini yadda ya so. Zafin digiri 1,000 zuwa 1,150 a ma'aunin Salshiyas ya ishe shi gasuwa. In wuta ta zarce haka sosai, sai tukunya ta kumbura ko ta lotse. Ko ya gasu ma jikinsa na tsatsafo da ruwa, abin da wasu ke ɗauka aibi, alhali shi ke sanyaya ruwan da aka zuba ciki.

Farin kuwa, wato kawolin, taurin kai gare shi. Danƙonsa kaɗan ne, kana lanƙwasa shi sai ya tsage. Ba ya narkewa sai wajen digiri 1,750, shi ya sa ake haɗa shi da garin dutsen felsfa, mai taimaka masa narkewa, da silika, wato sinadarin da ke cikin yashi, a gasa tsakanin 1,200 da 1,400, ya fito tangaran mai ƙara kamar ƙararrawa in ka ƙwanƙwasa.

Ni dai in mai koyo ne, ja zan miƙa masa.