Makanikin da ya ƙi karɓar kuɗina a Girinsboro

Assalamu alaikum mutanen Tahoua, musamman masu garaji da direbobin daji. Wani abu ya same ni nan Girinsboro, a jihar Karolina ta Arewa da ke Amurka, kuma na kasa barinsa a cikina ni kaɗai.

Sana'ata jan motoci ce daga wurin gwanjo zuwa bakin teku a Sabana, inda ake loda su zuwa Kotonu da Lome. Pikop ɗin da nake aiki da ita Dodge Ram ce ta 2006, injin Cummins mai lita 5.9 da silinda 6, mai shan gazwal. Wanda ya sayar mini ya riga ya taɓa ta. Ya sa mata turbo da ya fi na kamfani girma, ya sauya lissafin kwamfutarta, amma ya bar anjekter na asali, wato masu fesa mai cikin silinda, har suka tsufa. Da safe sai ta yi gardama kafin ta tashi, ga farin hayaƙi, in kuma na ɗaura remok da kaya, hawa kaɗan ta fara nishi. Tunda sauyi ya zama dole, na ce bari in sa manya, masu zuba mai ninki biyu, irin waɗanda samarin nan suke sawa.

Na tafi wani garajin da ba a taɓa komai sai injin gazwal, kuɗina a hannu. Maigidan wurin, wani dattijon Bature, ya saurare ni har na kai aya, sannan ya ce ba zai sayar mini ba. Wallahi raina ya ɓaci. Na ɗauka raini ne, ko Turancina ne bai yi masa ba. Mai saye ya zo da kuɗi, mai kaya ya ce a'a, wa ya taɓa ganin haka a kasuwar Tahoua?

Har na juya, sai ya kira ni ya fara tambaya. Nauyi nawa nake ja? An ƙarfafa buwat ɗin motar, wato akwatin giya, ko ta kamfani ce? Akwai ƙarin pompi mai turo mai daga tanki? Ina da agogon da ke nuna zafin hayaƙi a tablo? Ya ce waɗancan manyan na masu tsere ne, da za su taka na daƙiƙoƙi su sauka. Mai jan kaya awa da awanni, in mai ya fi ƙarfin iskar da turbo ke turawa, zafin hayaƙi zai haura digiri 700 ya zauna can, piston ya fara narkewa, ko buwat ta watse tun kafin nan. Kamar a cusa itace cikin murhu a toshe hanyar iska ne, hayaƙi za a samu, tuwo ba zai dahu ba. Abin da zai sayar mini, in ji shi, waɗanda suka ɗara na kamfani kaɗan ne, kuma sai ya auna tsofaffin tukuna.

Awon nan shi ne abin da har yau yake raina. Ɗaki ne rufe mai taga ta gilashi, ba a shiga da kayan aikin waje. Yaron da ke ciki ya ɗaura kowane anjekter a kan na'urar gwaji, ta tura mai da ƙarfin da motar kanta take turawa, wajen bar 1,600 a ma'aunin matsi, tana auna abin da ya fita da abin da ya koma tanki, a ƙaramin gudu da babba. Biyu daga cikin shidan suna mayar da mai fiye da kima, su ne masu hana ta tashi da safe. Sababbin kuma kowanne da takardarsa, an zaɓo su zubinsu ya yi daidai da juna, don kada wata silinda ta ƙoshi wata ta kwana da yunwa. Har rondel ɗin jan ƙarfe da ke ƙarƙashin kowanne sabo aka sa, tsohon aka jefa a shara. Tsofaffin anjekter ɗin ma ba a yar ba, an riƙe su za a mayar wa masu sake gina su, aka rage mini kuɗi a kansu. Yau motar tana hawa da kaya ba hayaƙi, man da take sha ma ya ragu.

Amma kada ku ce aljanna nake. Kafin a dubi motarka sai ka ɗauki randebu, ka zauna kwana da kwanaki ba aiki, kuma babu wanda ya damu da cewa da ita kake ci. Dubawa kawai, a jona kwamfuta a gaya maka ciwon, kuɗi ne. Aikin hannu da awa ake lissafa shi, kowace awa ta haura dalar Amurka 100. Ba ciniki, ba “rage mini don Allah”, ba “kawo rabi in an dawo daga tafiya a cika”. An ja jan layi a ƙasa, ba ka ƙetarewa ka tsaya kan motarka, wai saboda inshora. Ka zauna kan kujerar roba gaban talabijin, ba mai tambayarka mutanen gida, ko ruwa sai ka saya a na'ura. Ƙarfe 5 na yamma an rufe, ko da injinka a buɗe yake.

A kujerar nan na yi kewar garajinmu: inuwar bedi, aparanti yana hura gawayin shayi, maigida ya kara kunne jikin inji ya ce silinda ta uku ce ba ta ci, a kwance kuma a tarar hakan ne. Makanikinmu zai bi ka har hanyar Abalak da dare a kan babur in ka lalace, ya gyara da abin da ya samu, kuɗi sai ka dawo. Dattijon nan da duk na'urorinsa ba zai yi maka wannan ba.

Sai dai gwanintar kunnen nan ta zamanin 1HZ ce, injin Land Cruiser mai lita 4.2, wanda anjekter ɗinsa ke buɗewa da ƙarfin da bai kai bar 200 ba, mai haƙuri da kowane irin mai. Hilux D-4D da suka cika tashoshinmu yanzu wani jinsi ne. Tazarar da ke cikin anjekter ɗinsu da mikron ake auna ta, wato kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita. Mu kuwa me muke yi? A kwance shi a kan kwali, a ƙasa, iskar hunturu tana kaɗawa, a wanke a gwangwanin esansi, a tsokale ramukan da waya. A sayi gazwal a bido ko tano da ruwa ya kwanta a gindinsa, don an rage dala biyar ta sefa a lita. Filta ta toshe, a busa ta a mayar, ko a sayi mai arha wadda ba ta tace komai. A ciro anjekter daga motar da ta yi hatsari a ɗaura, ba a shigar da doguwar lambar da ke kansa cikin kwamfutar motar ba, alhali da lambar nan take sanin yadda za ta daidaita zubinsa. Sannan abin da ya fi ƙona mini rai, direba ya lafta kaya da mutane ranar kasuwar Badagishiri, baƙin hayaƙi yana tashi, yana murna wai motarsa tana da ƙarfi. Baƙin hayaƙin nan gazwal ne da bai ƙone ba, kuɗinsa ne yake bin iska, fasinjojin baya suna shaƙa. In inji ya mutu kuma a ce motocin yanzu ba su da ƙarko.

Yaya, ga amsar saƙonka na cewa in aiko maka manyan anjekter na Amurka ka sa a Hilux. Ka yi haƙuri, ba zan aiko ba. Toyota ba ta sayar da Hilux a ƙasar nan, tun 1995 Tacoma ta maye gurbinta, ita kuma ba ta shan gazwal. Na Cummins na kamfanin Bosch ne, naka na kamfanin Denso, ko ramin ba za su shiga ba. Da ma za su shiga, injinka mai lita 2.5 da turbonsa na kamfani ba shi da iskar ƙone wannan man. Abin da zan sa maka a kwantenar da za ta taso shi ne filta mai raba ruwa da mai, wadda ake ƙarawa kafin ta motar, da kwalin na sauyi, da rondel sababbi. Ka riƙa zubar da ruwan da ya taru a kofinta kowace safiya kafin ka tayar.

Masu garaji kuma, lokacin da na baro gida, mai son a auna masa anjekter irin wannan sai ya aika Yamai, sama da kilomita 500, ya jira. Nan ana samun na'urar gwajin da aka taɓa amfani da ita da rangwame. In mutum huɗu ko biyar za su haɗa kuɗi, ni zan nemo, in kuma ɗauki nauyin lodi. Sharaɗina ɗaki mai siminti da ƙofa mai rufuwa, wuta tsayayya, da yaro ɗaya mai karatu da za a ware wa aikin, ba a aikensa sayen shayi ba. Wanda ya shirya ya yi wa Yaya magana.