Hattara: na biya N185,000 kuɗin taimin bel a motar da ba ta da shi

Jama'a, tun shekaranjiya nake rubutawa ina gogewa, domin wallahi kunyar abin ta fi asarar ci mini rai. N185,000 wani bakanike ya karɓe mini a nan Kano da sunan ya canja mini taimin bel a Toyota Corolla ƙirar 2006, motar da tun daga kamfani ba a sa mata taimin bel ba. Kaca ce da ita, irin ta babur, tana can cikin inji tana wanka da baƙin mai. N185,000, a wannan marra.

Kafin wani ya ce sakaci na yi, ku saurara. Ni ba baƙon mota ba ne. Shekara shida na yi da Peugeot 406, kuma ita da gaske bel gare ta. A Kwanar Ɗangora ya tsinke mini, ina tafe Zariya da iyali, inji ya mutu nan take. Shi wannan bel ɗin shi ke haɗa karanshaf da kamshaf, ya sa bawul ya buɗe ya rufe daidai da hawa da saukar fistin. Da ya tsinke sai fistin ya daki bawul, duk suka lanƙwashe, sai da aka sauke tof silinda. Wanda ya taɓa tsayuwa a bakin titi da yara cikin rana yana jiran motar ja, ya san abin da kalmar taimin bel ke yi wa zuciya. Kuma ni da bakina na ba bakaniken nan wannan labari, muna zaune a benci a garejinsa. Ni na nuna masa inda zai soka.

Ba a titi na tsince shi ba. Sau biyu yana yi mini birki lafiya lau, akwai ranar da ma ya maido mini canjin N3,000. Sahu ɗaya muke yin Azahar idan na kai mota. To wa zai zarge shi?

Ƙara ce nake ji da safe idan na tayar, wani ƙiii daga gefen inji, sai ta ɗauke in mota ta yi zafi. Ya buɗe bonet, ya kara sukundireba a kunne, ya ce in ba ta wuta. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Alhaji, Allah ne ya kawo ka yau. Taimin bel ne. Kada ka bari abin da ya same ka a 406 ya maimaita." Wannan maganar ita ke yi mini yawo a ka har yanzu. Kada ka bari ya maimaita. A nan tsaye na tura masa N120,000, wai na bel da tenshina (abin da ke ɗame bel ɗin) da famfon ruwa, orijina. Sauran N65,000 ɗin washegari ne, ko kuwa ranar da na je ɗaukar motar, wai kuɗin aiki da gaskit da sil. Ku haɗa, N185,000.

Na manta ban faɗa ba, kwana biyu motar ta yi a wurinsa, ya ce kada in wahalar da kaina da zuwa, aiki ne mai cin lokaci. Da na je sai ya ɗauko wani tsohon bel mai haƙora ya ɗora mini a tafin hannu, ya lanƙwasa shi, duk bayansa ya tsattsage, haƙora biyu sun gutsure. Ya ce, "Ga shi, Alhaji, saura ƙiris." Na yi hamdala, na yi masa godiya, na ba yaransa na shan ruwa. Ƙarar kuma ta ɗauke, to me zai sa in yi shakka? Mako uku bel ɗin yana but ɗina, har abokan aiki na nuna wa ina cewa ku duba abin da Allah ya kare ni da shi.

Asiri ya tonu ne a wurin juyen mai. Na buɗe but zan ɗauko galan, wani dattijon bakanike da ke wurin ya ga bel ɗin ya ce, "Ɗana, wannan na wace mota ne?" Na ce na wannan. Bai ce komai ba, ya kama hannuna ya kai ni gaban inji, ya ƙwanƙwasa murfin gefe da sufana, ƙarfe ne, ya nuna mini notinansa da tsohuwar ƙura da maiƙo a kansu, babu wanda ya taɓa su. Ya ce injin nan samfurin 1ZZ ne, kaca ce a ciki, mota mai bel yawanci murfin roba za ka gani a wurin. Abin da aka canja mini fanbel ne kawai, na waje, wanda ke juya altaneta da kwamfuresan AC, shi ne ke kukan. Famfon ruwa ma tsohon ne. Jikina ya yi sanyi, na kasa haɗa ido da shi. Washegari na shiga kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa na tambayi kuɗin fanbel shago uku, ko kusa da abin da na biya bai kai ba.

Na kira shi. Da farko ya ce ai fanbel yake nufi, ni ne ban fahimta ba. To tsohon bel mai haƙora da ka ba ni fa, daga cikin wace mota ya fito? Sai ya ce yaronsa ne ya yi kuskure, zai maido rabi ranar Juma'a. Juma'a biyu ke nan. Yanzu in na kira sai a ce layi na aiki. Ina da hoton alat guda biyu, ina da saƙon muryar da ya turo a WhatsApp yana cewa taimin bel da bakinsa, ina da bel ɗin. Da daddare zan ɗora su duka, sai na rufe lambar asusu tukuna. Sunansa kuwa na bar shi sai mun zauna gaban shugabannin garejin, in ba a yi mini adalci ba mu haɗu a caji ofis.

Abin da ya fi ƙona mini rai, kuɗin makarantar yara na taɓa. N185,000. Na ce wa maiɗakina gara wannan da sauke inji, ta ce gaskiya ne, Allah Ya ƙara tsarewa. Har yau ban iya gaya mata ba.

Ku duba littafin motarku ku san bel ne ko kaca, shekara da inji ke bambantawa: Honda Accord ɗin da ake kira EOD mai silinda huɗu kaca ce, mai silinda shida (V6) bel ne. Mai bel ya canja a kan lokacin da kamfani ya faɗa, mai kaca ya riƙe juyen mai. Kuma kada a buɗe inji ba ka tsaye.

Ranar Asabar ne zaman, kuma da bel ɗin zan je a hannuna.