Alewar gyaɗa da cakulan: saƙo daga Ohayo zuwa Kano

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ke da maigidan da yara. Ki miƙa gaisuwata ga Inna da Goggo. Mu nan lafiya lau, sai sanyi, don tun farkon Disamba dusar ƙanƙara ta fara sauka a nan Kolumbus, babban birnin jihar Ohayo ta Amurka.

Kin tambaye ni game da alewar nan da na tura miki hotonta, ko za ta yiwu a Kano ki haɗa ta da dakuwar da kike sayarwa, da kuma ko gaskiya ne kayan nan sun fi namu. Maganar ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Daga ƙarshen Nuwamba har zuwa sabuwar shekara, matan nan ba su da aiki sai toye-toye da haɗa kayan zaƙi. A zuba a 'yan gwangwanaye, a ɗaure da zare, a kai wa maƙwabta da abokan aiki da malaman yara, har da mai kawo wasiƙu. Mu ba ma bikin Kirsimeti, amma haƙƙin maƙwabtaka yana nan, ba zai yiwu kullum hannunmu ne a ƙasa ba. Da Babbar Sallah nakan kai musu nama da cincin, a wannan lokaci kuma sai na koyi tasu. A jihar Ohayo wadda ta fi shahara ita ce Buckeye. Sunan wata bishiya ce da jihar ke tinƙaho da ita, ƙwallonta ruwan ƙasa ne mai duhu da ɗan fili mai haske a sama, kuma siffarsa ake kwaikwayo. Shi ƙwallon bishiyar guba ne, ba a ci.

Ga yadda ake yi. Niƙaƙƙiyar gyaɗa kofi ɗaya da rabi, bota rabin kofi wadda ta yi laushi, garin sukari irin na masu kek kofi 3 zuwa 4, da ɗan gishiri. A cakuɗa har sai ya daina kama hannu, a mulmula ƙanana-ƙanana, a soka wa kowanne tsinken sakace, a sa a firji ya daskare. Sai a ɗora tukunya da ruwa kaɗan a wuta, a aza kwano a bakinta, a zuba cakulan a ciki, tururi ya narkar da shi a hankali. A kama tsinken a tsoma, amma a bar saman a buɗe gyaɗar tana leƙowa. A jera a tire, a mayar firji. Wurin narkarwar ne ake asara. Idan ɗigon ruwa ya faɗa cikin cakulan, nan take yake dunƙulewa ya yi tsaki-tsaki, ba ya ƙara tsomuwa. Haka idan wuta ta yi yawa, sai ya ƙone ya yi ɗaci. Kwano da cokali su bushe ƙayau, kada kuma gindin kwanon ya taɓa ruwan da ke tafasa.

Yanzu kayan. Niƙaƙƙiyar gyaɗa a nan abincin kowa ce, talaka da mai kuɗi, yara suna tafiya da ita makaranta a shafe a burodi. Kwalba mai giram 454 tana kamawa tsakanin dala 2 zuwa 4, alhali mafi ƙarancin albashi a wannan jiha ya haura dala 10 a awa. Kin ga ke nan aikin rabin awa ya saya miki kwalba har da canji. Kada ki juya kuɗin zuwa naira, zai ba ki tsoro a banza. Abin dubawa shi ne gumin da mutum ya yi kafin ya samu. Ta wannan fuska abinci a nan yana da sauƙi, haya da asibiti su ne ke cinye kuɗin mutane.

Amma a ɗanɗano, wallahi Yaya, tamu ta fi. Ba son kai ba ne. Tasu ta kwalba an sa mata sukari da gishiri da wani daskararren mai don kada man ya taso sama, tana da santsi ƙwarai, sai dai ƙamshin suya ya yi mata ƙaranci. Gyaɗar da kike soyawa da yashi a kasko, ki murje, ki fece, ki aika niƙa tun da ɗuminta, ƙamshinta daga zaure ake jiyo shi. Akwai wasu kantuna a nan da suka ajiye injin niƙa, ki danna da kanki ki tara roba, ba a ƙara mata komai. Ita ce ta fi kusa da tamu, kuma ta fi tsada. Abin da kowace unguwa a Kano take da shi wajen mai inji, a nan ya zama na masu hali.

Inda suka yi mana nisa shi ne amana a cikin kwalba. Dokar ƙasar ta ce ba za a kira abu da sunan niƙaƙƙiyar gyaɗa ba sai gyaɗa ta kai kashi 90 cikin 100 a cikinsa. A jikin kowace kwalba an rubuta nauyi, da duk abin da aka zuba daga mai yawa zuwa mai kaɗan, da kwanan watan da ya kamata a ci kafinsa. Wadda na saya bara da wadda na saya jiya ɗaya suke, shi ya sa awo yake fita daidai kullum. Akwai kuma gubar nan da fumfuna ke haifarwa a jikin gyaɗar da ba ta bushe da kyau ba, wadda take cin hanta a hankali. Suna gwada ta, kuma sun sa iyakar da ba a ƙetarewa. Mu a gida baƙar ƙwaya da ta yamutse sau da yawa ita ake tarawa a sayar da arha, a yi ƙuli-ƙuli ko a zuba wa kaji. Wannan abu yana damuna ƙwarai, don suya ba ta kashe gubar. Don Allah, ko ba ki yi wannan alewa ba, ki riƙa zama ki tsince gyaɗarki da kyau, duk wadda ta canza launi ko ta yi ɗaci ki zubar, kada ki ji asara. Yara ne suka fi cin dakuwarki.

Wajen ciniki kuwa, kowa da nasa. A nan babu tayi, babu ragi, babu gyara. Farashi yana manne a jikin kanta, har da lissafin abin da kowane awo ya kama, don ki gane babbar kwalba ce ta fi sauƙi ko ƙarama. Idan kin kai gida kin ga abu bai yi ba, ki koma da rasit, galibi a mayar miki da kuɗinki ba musu. Kina iya yin oda ta waya a kawo har ƙofa. Amma ba wanda zai auna miki ta ɗari biyu don ita ce a hannunki, ba wanda zai ce tafi da shi kya kawo gobe, kuma a kantuna da yawa ma na'ura ce za ta karɓi kuɗin, ki shiga ki fita ba ki gaisa da kowa ba. Ni dai ina kewar mai awonki na Kasuwar Rimi, wanda ko bashi ake binki sai ya tambayi lafiyar yara kafin a zo maganar kuɗi.

Akwai abubuwa biyu da na koyi kiyayewa. Na farko ya shafe mu musulmi. Kusan duk matan nan suna ɗiga ruwan banila don ƙamshi, kuma na asalin, bisa dokarsu, dole barasa ta kai kashi 35 cikin 100 a cikinsa. Ni garin banila nake sawa, ko in bar shi gaba ɗaya, gyaɗa mai kyau ba ta buƙatarsa. Wasu alewowin masu taushi kuma ana sa musu wani sinadari mai danƙo da ake samu daga fatar alade, don haka karatun jikin leda ya zama dole. Allah Ya taimake mu, Kolumbus cike take da Somaliyawa da mutanen Afirka ta Yamma, kantunan halal suna da yawa, har ƙuli da yajin tsire ana samu, sai dai da tsada.

Na biyu, akwai yara da yawa a nan da jikinsu ba ya karɓar gyaɗa sam. Ba ƙaiƙayi kawai ba, maƙogwaro ne ke kumbura numfashi ya sarƙe, shi ya sa iyayensu suke yawo da allura ta musamman a jaka. Makarantu da dama sun hana shiga aji da duk abin da ke da gyaɗa, kuma tun 2006 doka ta tilasta wa kamfanoni su bayyana ta a jikin kaya. Idan zan ba maƙwabta, sai na manna takarda a murfin na rubuta cewa akwai gyaɗa da madara a ciki. Ko masu sayarwa daga gida haka suke yi. Jihar ta yarda mace ta yi alewa ko biskit a ɗakin girkinta ta sayar ba tare da lasisi ba, muddin abin ba mai saurin lalacewa ba ne, kuma ta rubuta sunanta da adireshinta da abin da ta zuba, da cewa a gida aka yi.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne, duka kayan biyu namu ne. Kusan rabin gyaɗar Amurka daga jihar Jojiya take fitowa, jihar tsohon shugaba Jimmy Carter, wanda shi kansa manomin gyaɗa ne. To amma Najeriya ta fi Amurka noman gyaɗa, Sin da Indiya ne kawai a gabanmu. Kin san labarin da Baba yake ba mu, yadda bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 fataucin gyaɗa ya bunƙasa a hannun su Alhassan Ɗantata, aka riƙa jera buhuna dala-dala, har fari da cutar gyaɗa ta 1975 da kuɗin man fetur suka taru suka kwantar da harkar. Koko kuwa, wanda da shi ake cakulan, wajen rabin na duniya daga Kodebuwa da Gana yake fitowa, ga namu na Ondo da maƙwabtanta. A 2024 farashin tan ɗaya ya haura dala 10,000 saboda rashin kyan amfanin gona a can, kuma mun ji a jikinmu, don cakulan ya yi tsada a nan. Su abin da suka yi shi ne haɗawa da naɗewa. Wani mutum mai suna H. B. Reese ya fara zuba gyaɗa cikin cakulan yana sayarwa a garin Hershey tun 1928, yau ga Reese's a bakin kowane kanti a ƙasar. Duk lokacin da na gan shi sai in tuna dakuwarki, wadda ta fi shi daɗi a bakina, amma ko Kaduna ba ta kai ba.

To, za ta yiwu a Kano? Za ta yiwu, amma da sharaɗi. Cakulan na gaske yana fara narkewa tun zafi bai kai digiri 35 ba, kin kuwa san Afrilu a Kano. Ga wuta da ba ta da tabbas, mu nan firji ba ya mutuwa sai in guguwa ta kayar da turaku. Saboda haka lokacinki shi ne hunturu, daga Disamba zuwa farkon Fabrairu. Ki nemi cakulan irin na masu kek wajen masu sayar da kayan fulawa, wanda aka yi da man ƙwarar manja, ya fi jure zafi, ya fi arha, ba ya kuma wahalar narkarwa. In zafi ya shigo, ki bar tsomawa, ki riƙa birkiɗa dunƙulen cikin garin koko da ɗan sukari.

Gyaɗarki ta fi tasu ruwa-ruwa tunda ba a sa mata komai, don haka ki bar ta ta kwana, ki tsiyaye man da ya taso, ko ki haɗa da tunkuza kaɗan. Hakan zai sa ki rage sukari ma, don awonsu ya yi wa bakinmu zaƙi da yawa, ni kofi biyu da rabi nake tsayawa. Na gwada ɗan garin citta a ciki, maƙwabciyata ta ce ba ta taɓa cin irinta ba, har ta nemi in rubuta mata. Kada ki fara da talla a rana. Ki fara da masu biki da suna, a 'yan robobi masu murfi, ki manna takarda da sunanki da lambar waya da ranar da kika yi, ki kuma tsaya a kan awo ɗaya kullum ko da gyaɗa ta hau. Ki fara da mudu ɗaya ki lissafa abin da ya ci kafin ki yanke farashi, bota da cakulan ne za su ja kuɗin.

Akwai mai zuwa gida a watan gobe in Allah Ya yarda, zan ba ta kofunan awo da ƙaramin sikeli da garin banila ta kawo miki. In za ta dawo, ki ba ta ƙuli-ƙuli da daddawa da kuka, a naɗe su sosai a leda biyu. Idan kin yi na farko ki turo min hoto, ki kuma ba Inna ta ɗanɗana kafin kowa, ki faɗa min abin da ta ce ba tare da kin gyara ba.

Ki shafa min kan yara. Wassalam.

Ƙanwarki.